Ɗigon Hanci Don Ƙarfin Hadda Da Kwanciyar Hankali: Ina Gaskiyar Maganar Take?



Duk shekara, da zarar watannin jarrabawa sun kawo kai, akwai wani irin zullumi da yake shiga gidajenmu ba tare da sallama ba. Yaron da zai rubuta BEPC ko BAC ya rage cin abinci, yarinyar da ake shiryawa don musabaƙar Alƙur'ani ta kwana tana maimaita shafi guda, da safe ta ce ya gudu, uwa kuwa ta shiga tambayar maƙwabta ko akwai abin da ake ba yara don buɗe ƙwaƙwalwa. Wannan nema ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun san zuma da zabibi da rubutun sha, kuma babu kasuwar da za a rasa mai tallar maganin basira a cikinta. Abin da ya sauya a yau shi ne faɗin kasuwar, domin wayar da ke hannun ƴaƴanmu ba ta san iyakar ƙasa ba. A cikin abubuwan da ake tallatawa ta intanet akwai wasu ƴan kwalabe na ɗigon hanci da asalinsu ƙasar Rasha ne, biyu daga ciki sun fi suna: Semax, wanda ake cewa yana ƙara ƙarfin riƙe karatu, da Selank, wanda ake cewa yana kawar da fargaba ba tare da ya sa maye ko barci ba.

Mun ga ya dace mu bi diddigin waɗannan magunguna tun daga tushe, saboda ba irin ƙulle-ƙullen ƴan damfara ba ne da za a kore da kalma guda. Akwai ilimi na gaske a bayansu, kuma wannan ne ya sa maganarsu take bukatar natsuwa.

Tubalan da aka gina jiki da su

Allah Maɗaukakin Sarki Ya gina tsokar ɗan Adam da gashinsa da yawancin abin da ke aiki a cikin jininsa daga wasu ƙananan tubala iri 20 da masana ke kira sinadaran amino. Mai karatu ya ɗauka ƴaƴan carbi ne masu launi 20 daban-daban. Idan aka shirya ɗaruruwansu a zare guda, an sami furotin. Idan kuwa zaren gajere ne, daga ƙwaya 2 zuwa kimanin 50, shi ne ake kira feftid. Tsarin jerin shi ne komai: a sauya ƙwaya guda, aikin ya sauya.

Kusan kowane gida ya taɓa haɗuwa da feftid ko da bai san sunansa ba. Insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura da shi ƙwaya 51 ne. Allurar ositosin da ungozoma ke yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini ƙwaya 9 ce kacal, kuma ita ce homon na farko irin wannan da aka haɗa a ɗakin bincike, a hannun Ba'amurke Vincent du Vigneaud a shekara ta 1953, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1955. Bayan shekara 10, a 1963, wani Ba'amurken mai suna Bruce Merrifield ya fito da dabarar shirya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a kan wani daskararren abu, dabarar da ta mayar da aikin watanni ya zama na kwanaki. Tun daga nan masana suka sami damar ƙera duk jerin da suke so, har wanda babu shi a jikin kowace halitta.

Feftid yana da rauni guda: ciki bai bambanta shi da nama ba. Idan aka haɗiye shi, sai ya narke kamar kowane abinci. Shi ya sa insulin yake zuwa a allura, shi ya sa kuma waɗannan magunguna da muke magana a kansu ake ɗiga su a hanci, inda fata take da laushi, jijiyar shaƙar ƙamshi kuma take kusa da ƙwaƙwalwa.

Daga ɓerayen Holan zuwa Mosko

Labarin ya faro ne daga ƙasar Holan a cikin shekarun 1960, wurin wani masani mai suna David de Wied na jami'ar Utrecht. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce girman ƙwayar wake ba, wanda yake fitar da homon iri-iri. Ɗaya daga ciki shi ne ACTH, mai ƙwaya 39, aikinsa sananne shi ne tayar da ƙullutun da ke bisa ƙoda ya fitar da homon ɗin da jiki ke bukata a lokacin tsoro ko wahala. De Wied ya lura cewa ɓeran da aka cire wa wannan ƙullutu na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana kasa koyon wani darasi mai sauƙi, wato ya tsallaka ɗaya ɓangaren akwati idan ya ji alama, don kauce wa ɗan jan wutar lantarki. Da aka yi masa allurar ACTH sai koyon ya dawo. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, da aka gutsuro wani ɗan yanki na homon ɗin, daga ƙwaya ta 4 zuwa ta 10, wanda ba ya taɓa ƙullutun ƙoda ko kaɗan, shi ma sai ya yi wannan aikin. Ma'ana, a cikin homon guda akwai saƙo biyu, ɗaya na jiki, ɗaya na ƙwaƙwalwa.

Murna ta yi yawa a lokacin. Kamfanin Organon na Holan ya ƙera nasa samfurin da ya kira Org 2766, aka gwada shi a kan tsofaffi masu fama da mantuwa, amma bai kawo abin da aka yi fata ba, bai kuma shiga kasuwa ba. Wannan shi ne darasi na farko a tarihin waɗannan magunguna, kuma za mu sake haɗuwa da irinsa: abin da ya yi wa ɓera aiki ba lallai ne ya yi wa mutum ba.

Masanan Tarayyar Sobiyet ba su saki zaren ba. A Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Gado ta birnin Mosko, ƙarƙashin jagorancin Nikolai Myasoedov tare da Igor Ashmarin na jami'ar Mosko, suka tunkari matsalar da ta fi damun kowa, wato saurin lalacewa: yankin ACTH na asali yana shiga jini, sinadaran jiki masu narkarwa su farfasa shi cikin mintoci. Sai suka ɗauki ƙwaya 4 daga yankin, suka ɗaura masa wata wutsiya mai ƙwaya 3 wadda take da wuyar tsinkewa. Jimla ƙwaya 7 ke nan, kuma sunan Semax an ciro shi ne daga kalmomin Rashanci masu ma'anar “sinadaran amino bakwai”. An yi aikin a cikin shekarun 1980, daga baya hukumomin Rasha suka yi masa rajista, gwamnatin ƙasar kuma ta sa shi cikin jerin magungunan da take ɗauka muhimmai. Likitocinsu suna ba da shi ga wanda jini ya toshe a ƙwaƙwalwarsa har ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ya bugu a kai, da wasu cututtukan jijiyar ido. Yana zuwa da ƙarfi biyu, kashi 0,1 da kashi 1 cikin ɗari. Game da yadda yake aiki, wani bincike na 2006 ya nuna yana ƙara yawan wani furotin da ake kira BDNF a sashen ƙwaƙwalwar da ke ajiyar sabon abu, furotin da ke taimaka wa jijiyoyi su rayu su ƙulla zumunci da juna. A kan ɓeraye aka yi wannan binciken.

Selank kuwa tushensa daban ne. A 1970, a jami'ar Tufts ta Amurka, Victor Najjar da abokin aikinsa Nishioka suka gano wani feftid mai ƙwaya 4 da yake ɓallewa daga ɗaya daga cikin furotin na garkuwar jiki, suka raɗa masa suna tuftsin saboda jami'arsu. Masanan Mosko, tare da Cibiyar Binciken Magunguna ta Zakusov, suka ɗaura masa irin waccan wutsiyar mai ƙwaya 3, aka sami Selank, wanda Rasha ta yi wa rajista a matsayin maganin fargaba.

Bukatar gaskiya ce

Kafin mu auna hujja, ya kamata mu yi wa masu binciken adalci, domin ciwon da suke nema wa magani babba ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu bukatar magani suke samunsa. Ba tsoron da kowa ke ji daren jarrabawa muke nufi ba. Muna nufin zullumin da yake zaune wata da watanni, ya hana barci, ya sa bugun zuciya da ƙuncin ƙirji, har mutum ya kasa sana'arsa. A gidajenmu sau da yawa akan fassara shi da sammu ko iska ko raunin imani, mai shi ya ƙara shiga kunya a kan ciwonsa.

Tun da Valium ya fito a 1963, dangin wannan magani ne suka mamaye fagen. Suna aiki da sauri, amma suna sa barci, suna dusashe tunani, kuma jiki yana sabawa da su har ya kasa rabuwa. Wannan ba sai an ba mu labari ba: ƙwayar D5 da ake sayarwa a tebur, wadda ta lalata samari da dama tare da tramol, ita ce dai wannan diyazefam ɗin. Saboda haka duk wanda ya ce ya samo maganin fargaba marar maye kuma marar kamu, dole duniya ta saurare shi.

To, me aka gani? Binciken da aka fi ambata a kan Selank an buga shi a 2008 a wata mujallar likitoci ta Rasha. An ɗauki marasa lafiya 62, aka ba 30 Selank, aka ba 32 medazefam, wanda ɗan gidan su Valium ne. Masu binciken suka ce ragin fargabar ya yi kama a ɓangarorin biyu, Selank kuma ya ƙara da rage kasala. Sakamako ne mai daɗin ji. Amma mutum 30 ba su kai ɗaliban aji guda a makarantunmu ba. Maganin da ake so a ba miliyoyin jama'a, akan gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubbai, a asibitoci da yawa, kafin a yarda da shi, domin illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu ba za ta bayyana a cikin 30 ba. Sannan babu rukuni na uku da aka ba ruwan wofi marar magani ba tare da sun sani ba. Wannan rukuni yana da muhimmanci ƙwarai a ciwon fargaba, saboda mutum yakan ji sauƙi don kawai likita ya saurare shi ya ba shi wani abu, kuma ciwon kansa yana hawa yana sauka. Ƙari a kan haka, galibin abin da aka rubuta a kan Semax da Selank ya fito ne daga ƙasa guda, da yawansa kuma daga cibiyoyin da suka ƙirƙiro su. Ba muna tuhumar amanarsu ba ne. Ko a shari'a, shaidar uba a kan nagartar ɗansa tana bukatar wani shaidan daga waje.

Mai ganin mun tsananta, ya dubi abin da ya faru da ositosin, wannan dai na ɗakin haihuwa. A 2005 masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwis suka ba da rahoton cewa fesa shi a hanci yana ƙara wa mutum yarda da abokin hulɗarsa a wani wasan kuɗi. Jaridun duniya suka ɗauka, aka sa masa laƙabin homon ɗin amana, ƴan kasuwa suka fara zuba shi a kwalabe. A 2020 aka maimaita gwajin da jama'a masu yawa cikin tsari mai tsauri, ba a ga wannan tasirin ba. A 2021 kuma aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan yara 290 masu lalurar otizim, wadda ke hana yaro cuɗanya da mutane. An yi mako 24 ana ba wasu ositosin, wasu ruwan wofi, a ƙarshe ba a sami bambanci tsakaninsu ba. Iyaye da yawa sun riga sun kashe kuɗinsu a cikin shekaru 16 da ke tsakanin rahoton farko da wannan. Semax da Selank ba su riga sun ratsa irin wannan gwaji mai girma a wajen ƙasarsu ba, kuma hukumomin magunguna na Amurka da na Tarayyar Turai ba su amince da su a matsayin magani ba. A 2023 ma hukumar FDA ta Amurka ta sa sunayensu cikin jerin abubuwan da ta yi gargaɗi a kan harhaɗa su, tana mai nuni da yiwuwar gurɓata, da yiwuwar garkuwar jiki ta yi musu bore, da ƙarancin bayanai a kan lafiyarsu ga ɗan Adam.

Abin da takardar maganin kanta ta ce

Akwai wani abu da masu talla ba sa faɗi, alhali yana rubuce a takardar da kamfanin Rasha yake sakawa a cikin kwali. An hana Selank ga mai ciki, da mai shayarwa, da wanda bai kai shekara 18 ba. Semax kuwa an hana shi ga mai ciki da mai shayarwa, da wanda ya taɓa yin jijjiga, da mai fama da ciwon da ke tattare da fargaba. A tsaya a nan a yi tunani. Ɗalibin da zullumin jarrabawa ya hana shi barci, shi ne ainihin wanda takardar ta ce kada a ba shi Semax. Kuma yara nawa ne a unguwanninmu suka yi jijjiga suna ƙanana saboda zazzaɓin cizon sauro, har iyaye suka manta?

Takardar ta kuma ce a ajiye shi a cikin sanyi. Feftid ba ya jure zafi, abin da duk ungozoma ta sani game da ositosin, duk mai ciwon sukari kuma ya sani game da insulin. Kwalbar da ta yi makonni a hanya, ta kwana a tasha cikin zafin bazara da ke wuce digiri 40, babu mai iya cewa me ya rage a cikinta. Wannan ma idan ta gaske ce. Yawancin abin da ake sayarwa ta intanet ba daga farmasin Rasha yake fitowa ba. Gari ne ko ruwa da wasu kamfanoni ke haɗawa, su rubuta a jikin kwalbar cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba, rubutun da yake wanke su a gaban alƙali idan wani ya cutu. Wasu ma sun sake yi wa jerin kwaskwarima sun fito da sababbin samfura da ko Rasha ba ta yi musu rajista ba. OMS ta bayyana a 2017 cewa kimanin magani ɗaya cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Wannan ƙidayar ta magungunan da aka sani ce, masu ma'aunin da za a gwada su da shi.

Ta fuskar shari'a

Tambayar da za ta fara zuwa wa Musulmi ita ce ta halasci. Semax da Selank a ɗakin bincike ake haɗa su ƙwaya bayan ƙwaya, ba a tatso su daga jikin dabba ba, kuma ba a san su da sa maye ba. Amma a lura, akwai wasu magunguna da ake tallatawa a layi guda da su, su ma ana kiransu feftid na ƙwaƙwalwa, waɗanda asalinsu daban ne. Cerebrolysin, allurar da wani kamfani na ƙasar Ostiriya yake yi, daga ƙwaƙwalwar alade ake sarrafa shi. Malamai suna da bayani mai tsawo a kan abin da aka sarrafa har ya sauya kama, da kuma halin lalura, kuma wannan fage nasu ne. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, masu bitar bincike na ƙungiyar Cochrane sun duba gwaje-gwajen da aka yi da shi a kan masu shanyewar ɓarin jiki, ba su ga yana rage mutuwa ba. Wanda zai kai tambayarsa gaban malami, ya kai ta tare da wannan bayani, domin lalura tana tsayuwa ne a kan amfanin da aka tabbatar.

Sai batun azumi, tun da ta hanci ake shan su. A mazhabarmu ta Malikiyya, ruwan da ya bi ta hanci ya isa maƙogwaro da rana yana karya azumi, a rama. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa ɗigon hanci ba ya karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya sauko. Wannan hukunci ya shafi kowane ɗigon hanci, har na mura, kuma wanda zai iya jinkirtawa zuwa bayan buɗa-baki ya fita daga saɓani.

Sai dai halascin asali ba shi ne ƙarshen magana ba. Malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Ƙwaƙwalwar yaro amana ce a hannun mahaifinsa, tana kuma ci gaba da ginuwa har bayan shekara 20. A ganinmu, zuba mata sinadarin da ba a san ƙarshensa ba don neman maki a takarda bai dace da riƙon amana ba, ko da niyyar ta yi kyau.

Idan yaro ya kasa riƙe karatu

Sau da yawa dalilin yana kusa, kuma mai araha ne. Ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe a abinci yana dusashe hankalin yaro, haka ma tsutsar ciki da zazzaɓin da ke yawan dawowa, kuma gwajin jini a asibitin unguwa yana bayyana su. Rashin sinadarin iyod yana cikin manyan abubuwan da ke tauye basirar yara a duniya, maganinsa gishiri mai iyod a tukunyar miya. Akwai kuma yaron da idonsa ne ba ya ganin allo, ana ta yi masa faɗa a kan daƙiƙanci. Barci shi ma ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsa ƙwaƙwalwa take tabbatar da abin da aka koya da rana, don haka ɗalibin da ya kwana bisa kofi da shayi yana zuba ruwa ne a kwando. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'in farko, kuma maimaici a rarrabe cikin kwanaki ya fi na zama guda. Alarammomin tsangaya ba su karanta shi ba, amma tsarinsu na biya sabon karatu da asuba, a wanke allo sai ya zauna, a riƙa tishe na baya kullum, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya.

Wanda kuwa fargabarsa ta zarce makonni ta zama watanni, ta hana shi barci ko aiki ko fita cikin mutane, a haɗa masa addu'a da zuwa wurin likita. Akwai jinya ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana bisa tsari, akwai kuma magunguna da aka gwada a kan dubban mutane aka san amfaninsu da illarsu, kuma likita zai fara duba ko ciwon maƙoƙo ne ko na zuciya yake sa bugun ƙirjin. Idan kwalbar Semax ko Selank ta riga ta shigo gida, ko ɗan'uwa ya aiko da ita daga waje da kyakkyawar niyya, kada a buɗe ta. A ɗauke ta da kwalinta da takardarta a kai wa likita ko mai farmasi mai lasisi, a faɗa masa shekarun wanda aka yi niyyar ba, da duk maganin da yake sha, da ko ya taɓa yin jijjiga yana ƙarami.